Koriyar Waya

Shekara arba'in da ɗoriya Mai Rediyo yana gyara a ɗan shagonsa na bakin titi, kuma a cewarsa ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Tela, maƙwabcinsa na jikin bango, ya ce ƙarya ce tsagwaronta, amma shi ma bai taɓa kawo shaida ba. Mutum ne mai taurin kai da kaifin harshe. Rediyo in ta shigo shagon tana shaƙewa, kafin mai ita ya gama bayani ya riga ya faɗi ciwonta. Da kunne ya yi suna, da kunne ya ciyar da 'ya'ya shida.

Abin da unguwa ba ta sani ba, kunnen saura ɗaya. Shekara uku da suka wuce wata ƙatuwar sifika da aka kawo gyara ta saki ƙara daidai gefen kansa na hagu. Ya yi kwana biyu yana jin kuwwa, a na uku kuwwar ta tafi, ta tafi da jin kunnen hagun gaba ɗaya. Bai gaya wa kowa ba. Ya dai juya teburinsa yadda ƙofa za ta koma damansa, ya ce iska ta fi shigowa ta nan.

Ranar Laraba da sassafe Auta, ƙaramar 'yarsa, ta ajiye masa hedifon ɗinta, abin sauraren da take ɗorawa a kunne, a kan tebur. Da rana tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, da yamma kuma ta rufe kanta a ɗaki tana buga gem a kwamfuta, irin wanda mutum biyar ke farautar mutum biyar a cikin wani gida mai ɗakuna da lunguna. Mai Rediyo bai taɓa ɓoye cewa abin bai kwanta masa ba. Mace da aikinta, ta zauna tana harbin mutanen da babu su. Amma ya san wata takwas ke nan tana bibiyar wata ƙungiyar masu buga gem ɗin, kuma gobe Alhamis da ƙarfe huɗu za a gwada ta da wani saurayi. Kujera ɗaya ce ta rage, wanda ya fi shi zai zauna.

Ta ce, "Baba, kunnen hagu ya ɗauke. Don Allah kafin in dawo aiki."

"Ajiye. Abin wasan yara ma sai an haɗa ni da Allah?"

Da ta tafi ya feɗe wayar, ya tarar da sirara uku na sauti: ja, koriya, da mai launin tagulla wadda duka biyun ke komawa ta kanta. Ta huɗu ta makirfo ce, bai taɓa ta ba. Mitar gwajin waya ta nuna masa koriyar ta tsinke a wani wuri can ciki. Neman wurin aikin sa'a guda ne, ga talabijin biyu na jiransa. Sai ya yi abin da ya saba yi wa rediyo mai sifika biyu tun yana saurayi: ya yanke koriyar ya yi watsi da ita, ya ɗaura sifikar hagu a kan jar waya tare da ta dama. Ruwa ɗaya, famfo biyu. Ya kunna labarai, ya kara ɓangaren dama a kunnensa na dama, ya ji raɗau. Ya juya hedifon ya kara ɓangaren hagu a wannan kunnen dai, raɗau. Ya naɗe da baƙin salatif ya rataye a ƙusa.

Ranar Alhamis Auta ba ta je aiki ba. Gidan a bayan shagon yake, ƙofa ɗaya ta raba su, tun safe kuma yake jin kujerarta tana kuka a kan siminti. A ja, a tura, a ja. Ta fito ta sha ruwa, ta koma. Ta sake fitowa ta tsaya a tsakar gida ba ta ɗauki komai ba. Wajen sha biyu ta shigo shagon da hedifon a wuya, wayar salula a hannu, Kyaftin ɗin ƙungiyar na magana a ciki da ƙarfi.

"Na gaya miki ki kashe sarawun ɗin nan. Faɗaɗa ɗaki kawai yake yi, taku ya koma kamar a cikin rijiya. Gem ɗin da kansa ya san inda zai ajiye kowane sauti, in kin ɗora masa wani a kai sai su cakuɗe."

"Na kashe, na kunna, na sake kashewa. Duk ɗaya ne. Komai a tsakiyar kaina nake jin shi."

"Jiya da yamma sau tara aka kayar da ke. Takwas ta hagu aka zo miki, ba ki ko waiwaya ba. Hedifon ɗin lafiya yake kuwa?"

"Babana ne ya gyara. Duka kunnuwan suna yi."

Ta faɗe shi ne yadda ake faɗin abin da ba a jayayya a kansa.

"To. Ƙarfe huɗu dai, ba zan ɗaga wa kowa ba. Ni ke nake so, amma ba ni kaɗai ke zaɓe ba."

Kyaftin ya kashe wayar. Tela, wanda ba a gayyata ba, ya riga ya jingina da ƙofa da tef ɗin awo rataye a wuya.

Mai Rediyo ya ce, "Mene ne kuma sarawun?"

Auta ta nuna masa ɗan akwatin da ke jikin wayar, mai maɓalli ɗaya. "Sitiriyo shi ne yadda yake tun asali, Baba. Sifika biyu, kowacce da nata sautin. In mutum yana tafe ta hagu, takunsa a kunnen hagu ya fi ƙarfi. In na danna wannan kuma, sarawun ke nan. Sifikun dai biyu ne, amma akwatin nan yana wasa da sautin. Ya jinkirta wa kunne ɗaya ɗan kaɗan, ya dushe masa shi, har ka ji kamar sifika bakwai ce kewaye da kai, gaba da baya."

"Bakwai a cikin biyu."

"Na ƙarya ne. Kunne ake yaudara."

Tela ya ce, "Auta, a taimaka a sa mini maɓallin nan a keken ɗinki. Mai riga ya ji kamar tela bakwai ke masa aiki."

"Kai da ɗayan ma ba ya gama aiki," in ji Mai Rediyo.

Auta ba ta yi dariya ba. Ta cire hedifon daga wuyanta ta miƙa masa. "Baba, zo ka saurara mini. Duk layin nan ba mai kunnenka."

Da zai iya cewa aiki ya yi masa yawa. Amma Tela na tsaye yana kallo, sai ya tashi ya bi ta.

Ɗakinta ƙarami ne, gado da tebur da fanka mai kaɗa kai. Ta zaunar da shi gaban kwamfuta, ta ɗora masa hedifon, ta ce ya rufe ido. Ya ji taku, takalmi mai nauyi a kan katako, ƙwas, ƙwas, tsaf kamar a gabansa. Ta danna maɓallin. Takun ya ja baya ya yi amo, kai ka ce an kwashe kayan ɗakin an ɗaga rufinsa.

Ya ce, "Na farkon ya fi tsabta. Na biyun ya fi faɗi, amma ya sha ruwa."

"Haka ne. To daga ina mutumin ya fito?"

Nan fa. Shi komai na duniya daga dama yake fitowa, shekara uku ke nan.

"Dama."

"Sake ji."

"Na ce dama."

"Hagu ne, Baba. Buɗe ido ka gani." Ta zare hedifon a hankali ta riƙe da hannu biyu. "Kai aƙalla ka ji shi a wani gefe. Ni ko gefen ba na ji. Na sake saitin gem, na sake na kwamfuta, ban bar komai ba. Ina jin kunnena ne. A wurin aiki muna ganin irinsu, masu ƙure ƙara a kunne, kafin talatin ji ya fara tafiya."

"Kunnenki ƙalau."

"Ta ina ka sani?"

Ya miƙe. Ya fita.

A shago ya ɗauki sukundireba ya ajiye. Ya buɗe bayan talabijin ɗaya ya tsaya yana kallon ƙura. Ya jona ƙarfen narka dalma, ya zare, ya sake jonawa. Wani ya kawo tocila, ya ce masa ya dawo jibi, tocilar da aikinta bai kai minti biyu ba. Agogon bango ya ce biyu da rabi. Kujerar Auta ta daina kuka, wannan shirun kuma ya fi kukan damunsa.

Ya fita wai zai sayo batir a tsallaken titi, alhali akwai kwali guda a ƙarƙashin tebur. Yana tsakiyar titi aka danna ham. Ya juya dama da sauri, ba kowa. Babur ɗin ta hagu ya zo, ya goge masa gefen riga, mai shi ya wuce yana faɗin abin da ba a maimaitawa.

Mai Rediyo ya tsaya a bakin kwata. Ba yau aka fara ba. Ham ɗin ya ji shi sarai, da ƙarfinsa, inda yake ne bai sani ba. Da can, lokacin yana da kunne biyu, bai taɓa tambayar kansa yadda wuyansa ke sanin inda zai juya ba. Ashe ƙara takan riga isa kunne ɗaya kafin ɗayan, ta fi ƙarfi a nan ta yi sanyi a can, daga wannan ɗan bambancin kai ke gane hanya. In duka kunnuwan abu ɗaya ake zuba musu, ba bambanci, ba hanya. Sitiriyon na buƙatar waya biyu. Bakwai ɗin ƙaryar ma a kan waya biyun aka gina ta. Shi kuwa ya tsinke ta hagu ya yi watsi da ita, ya ba yarinya dama sau biyu. Ya ƙera mata hedifon mai ji irin nasa.

Bai sayi batir ɗin ba. Ya tsallako, wannan karon ya duba hagu sau biyu.

A tsakar gida Inna, matarsa, tana shanya. Ta ce, "Malam, 'yarka ta naɗe wayoyinta. Wai za ta rubuta musu su ba wancan yaron kujerar."

Ya tarar da Auta zaune a bakin gado, tana rubutu a salula tana gogewa. Uku da minti goma.

"Ba ni hedifon ɗin."

"Bar shi, Baba. Ba laifinsa ba ne."

"Laifina ne. Ba ni."

Ta ɗago ta dube shi. A rayuwarta ba ta taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba.

A shago ya warware salatif ɗin a gabanta, ya nuna mata guntun koriyar waya da ya bari yana reto. "Wannan ce hagunki. Ta tsinke a ciki, na ƙi nema, na ɗora duka a kan ja. A rediyo ba a ganewa."

"Amma ai ka gwada. Da ka sa a kai za ka ji."

Ya kalli ƙofa. Keken Tela ya tsaya, wato yana saurare. Mai Rediyo ya ja numfashi, bai rage murya ba.

"Da kunne ɗaya na gwada. Shi ke gare ni. Na hagun ya mutu shekara uku."

Auta ta dube shi. Ta kalli teburin, ta kalli ƙofa da ke damansa, ta sake kallon teburin.

"Ba lokacin kallona ba ne. Riƙe mini nan. Hannu nawa ne, kunne naki."

Ya ɗora ƙafar mita ɗaya a kan bakin fulogi, ɗaya a kan guntun koriyar, ya ce ta bi wayar tana lanƙwasawa taƙi-taƙi. Allurar mita na kwance kamar ta mutu. Suka bi kamu ɗaya, kamu biyu, ba motsi. Zufa ta sauko masa a kan tabarau, ya goge da kafaɗa. Sai da suka kai gindin fulogin allurar ta yi tsalle ta koma.

"Ga ɓarauniyar."

Uku da rabi. Ya datse fulogin, ya juye gwangwanin tarkace a kan tebur yana tona, sai a ƙasa ya samu wani mai zobe uku irinsa. Wayoyin hedifon siraran gaske ne, kuma fenti ne a jikinsu, dalma ba ta kama su sai an ƙona. Ya ƙyasta ashana, ta mutu. Ya ƙyasta wata, fanka ta kashe. Sai ga hannu ya miƙo ta kafaɗarsa ya kashe fankar. Tela ne.

"Injiniya, yi aikinka. Ni ban ji komai ba. Kunnena ma ba shi da kyau."

"Matsa daga haske."

Ya liƙa wayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ya koma saman hedifon ya raba sifikar hagu da jar waya, ya mayar mata da koriyarta. Auta ta jona a salula, ta nemo wata murya da ke cewa hagu, dama, hagu, dama, ta sa a kai. Ya zuba wa fuskarta ido, don nan ce kaɗai mitar da ta rage masa.

Idonta ya buɗe. Sai kuma ta yamutsa fuska.

"Sun rabu, Baba. Amma a juye. Tana cewa hagu ina ji a dama."

Huɗu saura kwata. Ya ciji leɓe. A gindin sabon fulogin ya musanya su, wurin da ya fi ƙwayar shinkafa ƙanƙanta. Ya narke, ya ɗaga ja, ya ɗaga koriya, dalma ta ɗiga ta haɗe ƙafafu biyu, ya tsotse ta da guntun waya ya sake. Salular Auta ta yi ƙara, Kyaftin ne, ba ta ɗauka ba. Ta sake yin ƙara.

"Gwada."

Ta sa. Ta ɗaga hannun hagu, ta ɗaga na dama, ta sake ɗaga na hagu, tana bin muryar. Ba ta jira salatif ba, ta fizge ta ruga cikin gida, wayar na jan ƙasa.

Ya bi ta da salatif ɗin a hannu. Ya durƙusa gefen kujerarta yana naɗe gyaran yayin da take shiga gem ɗin, huɗu da minti ɗaya. Yatsanta ya tsaya a kan maɓallin ɗan akwatin. Ta danna, ta saurara, ta sake dannawa ta kashe.

Ya ce, "Wanne?"

"Biyun gaskiya."

Bai fahimci komai a kan allon ba. Bango, ƙofa, matakala, bindiga a gaba tana lilo. Ya tsaya a bayanta da hannu a baya, ya fita tsakar gida, ya dawo. Zagayen farko aka kayar da ita, ta gaba aka zo mata, ta yi tsaki. A na biyu tana tafe a wani dogon lungu sai ta tsaya cak. Ba komai a allon. Ta karkata kai kaɗan, ta juya bindigar hagu ta saita a kan ƙofar da ke rufe, ta jira. Ƙofar ta buɗe, mutumin bai gama shigowa ba ya faɗi.

Mai Rediyo ya fita, don ƙafafunsa sun ƙi tsayuwa wuri ɗaya. Ya koma shago ya mayar da tarkace cikin gwangwani ɗaya-ɗaya. Ya gyara tocilar nan da ba a bar masa ba a cikin kansa, sau biyu. Tela ya leƙo ya ce ko a kunna fanka, ya ce a bar ta.

Biyar ta wuce da kaɗan Auta ta shigo, shatin hedifon kwance a kan ɗankwalinta. Ta zo ta hagunsa ta fara magana, ya ga bakinta na motsi. Sai ta tsaya, ta zagaya tebur ta dawo damansa.

"Sun ce Asabar in zo atisaye. Kujerar tawa ce."

"To." Ya ci gaba da goge bakin ƙarfen dalma. "Ki daina jan wayar ta gindin fulogi. Nan take tsinkewa."

"Baba, ranar Litinin akwai likitan kunne a wurinmu."

"Wanda ya mutu ba ya tashi."

"Na ɗayan nake so a duba."

Ya ajiye ƙarfen dalmar. Inna ta shigo da kofin ruwa ta ajiye masa, a dama, inda take ajiyewa kullum. Ya dubi kofin, ya dube ta.

"Ke kuma tun yaushe?"

"Tun ranar da na kira ka daga kicin ka amsa wa banɗaki."

Tela ya ƙyalƙyale ta cikin bango. Mai Rediyo ya sha ruwan, ya jawo talabijin ɗin da ya buɗe tun rana. Ya kunna, ya kara kunne a jikin sifikarta, ya daɗe. Sannan ya matsa da kujerarsa gefe.

"Auta, kafin ki tafi. Zo ki ji mini wannan."